Ƙwayoyin Gadon Shanun Gida: Jarin Da Ba A Sa Shi Cikin Lissafi

Ɗan maraƙin da ya kai nauyin yanka cikin shekara uku ya fi wanda zai kai shekara biyar riba, domin kowane wata na ƙari yana cin dusa, harawa, magani da ladan makiyayi. Wani ɓangare na wannan bambanci daga abinci yake, wani kuwa gado ne.

Masana sun gano ƙwayoyin gado da dama da ke sarrafa girman saniya. Akwai mai kula da sinadarin girma, akwai kuma miyostatin, wadda ke taka wa tsoka birki. A shekarar 1997 aka tabbatar cewa lalacewar miyostatin ce ta sa shanun Belgian Blue na ƙasar Beljiyam ke tara tsoka fiye da kima. Kowace ƙwaya tana zuwa da siga daban-daban, kuma yawan waɗannan sigogi a cikin garke shi ne ke ba mai kiwo abin zaɓa. Inda duk shanu suka zama iri ɗaya, zaɓe ya ƙare.

Nijeriya tana da arziki a wannan fanni. Bunaji da Rahaji sun jure doguwar tafiya da zafin rana. Bokoloji na Sakkwato da Gudali na Adamawa sun yi suna wajen cika jiki. Muturu na kudu ƙanana ne, amma suna jure sammore, cutar da ƙudan tsando ke yaɗawa.

Abubuwa biyu ke cinye wannan jari. Na farko, makiyayi mai neman kuɗi yakan sayar da bijiminsa mafi girma a Potiskum ko Maigatari, a yanka shi a Legas, a bar na baya yana barbara. Na biyu, barbarar shanun gida da na ƙetare ba tare da ajiye bayani ba takan haifar da 'ya'yan da ke buƙatar abinci da magani fiye da ƙarfin mai su.

Gyaran ba ya buƙatar kuɗi mai yawa a matakin farko: a riƙa auna nauyin maruƙa lokacin haihuwa da lokacin yaye, a rubuta uwa da uba, a riƙe bijimin da 'ya'yansa suka fi saurin girma. Irin wannan bayani ne cibiyoyi kamar ta binciken dabbobi da ke Shika, kusa da Zariya, ke dogara da shi wajen inganta iri. Bankunan da ke ba da rancen kiwon turka su ma za su amfana, tun da dabbar da aka san asalinta ta fi sauƙin ƙiyasta ribarta.