Yadda Gwanaye Ke Buɗe Wasan Shaɗaranji da Baƙi

A wasan shaɗaranji mai farin 'ya'ya shi ke fara motsi, saboda haka mai baƙi kullum yana baya da taki guda. Idan fari ya tura sojan da ke gaban sarkinsa gida biyu, watau e4, sai baƙi ya zaɓi ɗayan hanyoyi biyu: ko ya kafa ganuwa, ko ya ja daga.

Hanyar ganuwa ita ce e5. Daga cikinta akwai wadda ake kira Kariyar Balin, inda akan yi musayar sarauniya tun motsi na 8. Sarauniya kuwa in ta fita, kaifin harin fari ya dushe. Da ita Kramnik ya tare Kasparov a Landan a 2000. Sau huɗu suka buga ta, duka kunnen doki, har Kramnik ya karɓe kambun duniya, Kasparov bai ci ko wasa ɗaya ba.

Hanyar daga ita ce c5, Kariyar Sisili. A nan sahun kowa dabam yake da na abokin karawarsa, don haka kowa na da kafar kai hari, amma kuskure ɗaya ya isa ya kā da mutum. Fischer da Kasparov sun shahara da reshenta mai suna Najdorf.

To, 'yan'uwa, gwani yakan duba bukatarsa tukuna. In kunnen doki ya ishe shi, sai ganuwa. In lalle sai ya ci, sai daga. Mai koyo kuwa ya riƙe ɗaya ya san dalilin kowane motsinta, ya fi ya haddace goma bai gane ba.