Kada A Ɓare Ƙwaya Sai Za A Sha

Iyayenmu na Zangon Tafo suna da wata ɗabi'a: a ɓare maganin hawan jini da na ciwon sukari da asfirin daga katinsu, a zuba a leda ɗaya, a ƙulle a bakin zane, wai don kada a manta. Niyya ce mai kyau. Amma mu da muke kantin magani muna ganin yadda ledar ke dawowa: ƙwayoyi sun manne da juna, farar ta yi dabbare-dabbare, asfirin yana warin tsami. Tsamin nan shaida ce cewa danshi ya riga ya raba asfirin gida biyu, ƙarfinsa ya ragu.

Gari mai narkewa a ruwa, irin su gishiri da sukari, yana da iyakar laimar da in iska ta kai ta yake fara shan ruwa ya narke. Gishiri sai laima ta kai kashi 75 cikin 100, sukari kuwa wajen kashi 85. To amma in aka haɗa su, iyakar tana saukowa wajen kashi 64, ƙasa da ta kowannensu. Da zarar ɗan ruwa ya jiƙa inda suka taɓa juna, sai ya narkar da duka biyun, ruwan ya yi kauri, ya ƙara jawo wani daga iska. Irin haka kan iya faruwa in aka cuɗa ƙwayoyi daban-daban a leda ɗaya. Mu kuma a Kumasi damina biyu gare mu, laimar asuba takan wuce waɗannan lambobi duka.

Ko Hukumar Lafiya ta Duniya sai da ta ɗanɗana wannan. Garin gishiri da sukari na zawo da farko da bakabonet ake haɗa shi, yana yin ruwan ƙasa a ƙasashe masu zafi da danshi, har a 1984 aka koma sitiret.

Katin gwangwanin nan shi ne garkuwar ƙwaya, musamman irin su Augmentin masu saurin shan ruwa. Ɗan ƙullin da ke cikin kwalbar magani shi ma a bar shi, danshi yake tsotsewa (yara dai a kiyaye, ba alewa ba ce). Kada a ajiye magani a madafa ko banɗaki. In mantuwa ce damuwar, Hajiya, kawo katin mu rubuta miki safe da dare a bayansa.