Yadda ake fara ƙirar wuƙa

Wuƙa tun a wurin sayen ƙarfe take yin kyau ko ta lalace. Saboda haka kafin ka sayi ko da guduma, nemi maƙerin da za ka zauna a gabansa kana ja masa zuga-zugi, har idonka ya saba da launin ƙarfe a wuta.

Maƙeran dā tama suke narkawa. Yau tamarmu ita ce sifirin mota. Manyan motocin da ke bin hanyar Funtuwa zuwa Sakkwato suna ratsa Tsafe, Gusau da Bunguɗu, sifirinsu kuwa ba ya rasa karyewa. Je wurin makanikai ko 'yan gwangwan a Gusau, inda aka fi samun zaɓi, a auna maka da kilo. Duba tsagewa da kyau. Rataye guntun ka buga shi: mai lafiya yana amo, tsagagge muryarsa a dishe take. Kada arahar rodin gini ta ruɗe ka. Zai ƙeru cikin sauƙi, amma nama ɗaya mahauci zai yanka ya dawo maka da wuƙar.

Gawayi, na ƙirya za ka nema, don shi ke riƙe wuta, ko da yake shiga daji a Zamfara yanzu ba abin wasa ba ne, kuma farashinsa ya nuna hakan. Sauran kaya ba su da yawa: uwar maƙera, masaba, awartaki, magagari, dutsen wasa wuƙa.

Datse ƙarfen, ka gasa shi ya yi jajir, ka fara fitar da tsini, sannan baki, sannan wutsiyar da za ta shiga ƙota. In ya fara duhu daina dukansa, mayar da shi wuta. Ka daidaita da magagari, amma kada bakin ya yi siriri tukuna.

Sai ban ruwa, inda sabon shiga ya fi asara. Gasa wuƙar har maganaɗisu ya daina kama ta, ka ɗan ƙara mata wuta, ka tsoma ta a tsaye cikin mai. Sifirin ba ya son ruwan sanyi, yakan tsage. Goga mata magagari: in ya zame, ta sha. A lokacin gautsi gare ta kamar kwalba, don haka kankare ta, ka ɗumama gadon bayanta a hankali har bakin ya yi launin busasshen kara, ka sanyaya.

Sa ƙota, ka wasa, ka kai wa baduku ya ɗinka kube. In ana gab da Babbar Sallah ne, kai masa da wuri, don layi za ka tarar.