Rajistar Manoma Tana Lalacewa a Kwamfuta: Ina Mafita?

Tambaya: Ina da shagon kwamfuta a Tudun Wada, kuma ƙungiyoyin manoman shinkafa da masara daga nan har Doguwa suna kawo mini aikin rajistar membobinsu. Da KoboToolbox ake tattara bayanan a waya, ni kuma na rubuta ɗan shiri da Python wanda yake raba kowane layi a duk inda ya ga waƙafi. Yanzu sunan unguwa yana faɗawa gurbin lambar waya, sifilin farko na lambar asusu ya ɓace, sunan Ɗanladi kuma ya koma wasu alamomi marasa ma'ana. Yaya zan yi?

Amsa: Matsaloli uku ka lissafa, amma tushensu ɗaya ne: kana yi wa fayil ɗin aikin hannu, alhali akwai kayan aikin da aka tanada dominsa.

Fayil ɗin CSV yana da ruɗi, don in ka buɗe shi rubutu ne kawai da waƙafi a tsakani. Sai dai yana da ƙa'idoji, waɗanda aka tattara a takardar RFC 4180 a shekarar 2005. Ɗaya daga cikinsu ita ce: idan bayani yana ɗauke da waƙafi a cikinsa, ana kewaye shi da alamar zance. Manomin da ya ce adireshinsa “Kwanar Dangora, Kiru” gurbi ɗaya ya cika, amma shirinka ya yanka shi biyu, sai duk abin da ke gaba ya gusa. Haka zai faru idan wani ya sauka sabon layi a tsakiyar amsa.

Maganin wannan shi ne laburare, wato umarnin da gwanaye suka riga suka rubuta, dubban mutane suka gwada shi shekara da shekaru. Manomi ba ya ƙera garmarsa, wurin maƙeri yake zuwa. Python yana zuwa da laburaren csv, ba sai ka kashe data wajen sauke shi ba. Yi amfani da DictReader da ke cikinsa wajen karantawa, domin ka riƙa kiran gurbi da sunansa, ba da lambar matsayinsa ba. Ko an ƙara sabuwar tambaya a fom ɗin, aikinka ba zai rushe ba. Wajen rubutawa kuma DictWriter ne zai sa alamar zance a inda ta dace. Ka duba alamar da ke raba gurabun ma, domin wasu fayilolin ba da waƙafi ake raba su ba. Laburaren yana barin ka faɗa masa wace ce. Idan JSON aka ba ka, akwai laburaren json; idan na Excel ne, akwai openpyxl.

Sai batun sifili, wanda ya fi komai cutar da mutane. Lambar asusun banki a Najeriya guda 10 ce, ta waya 11, kuma da yawansu da sifili suke farawa. Waɗannan ba lambobin lissafi ba ne, suna ne. Ba wanda yake tara lambar wayar Bebeji da ta Kiru. Excel bai san haka ba: da ka danna CSV ya buɗe, sai ya jefar da sifilin, in ka adana kuwa ya tafi ke nan. Laburaren csv yana ɗaukar komai a matsayin rubutu, to ka bar shi haka. Adadin buhuna da girman gona ne kawai za ka mayar lamba. Idan laburaren pandas kake amfani da shi, ka gaya masa tun farko cewa waɗannan gurabun rubutu ne, don shi ma yakan yi hasashe.

Haruffanmu masu ƙugiya, ɓ da ɗ da ƙ, suna lalacewa ne idan an rubuta fayil da wani tsari aka karanta shi da wani. Duk lokacin da za ka buɗe fayil, ka ambaci utf-8 ƙarara. Idan wanda za ka miƙa wa da Excel zai buɗe, rubuta da utf-8-sig. Kwanan wata kuma ka jera shi shekara, wata, rana, kamar 2024-03-04, domin 03/04 Afrilu ne a wurinmu, Maris ne a Amurka.

Kada ka ɗauka ƙananan shaguna ne kaɗai suke faɗawa wannan rami. A watan Oktoba na 2020, hukumar lafiya a Ingila ta gano cewa sakamakon gwajin korona 15,841 bai shiga ƙidaya ba, saboda an zuba bayanan a tsohon tsarin Excel wanda ba ya wuce layi 65,536. Kwamfuta ba ta yi gargaɗi ba. Irin wannan kuskure a ɓoye yake aukuwa, shi ya sa dole ka nemo shi da kanka.

Saboda haka ka riƙe ɗabi'u uku. Ajiye asalin fayil ɗin da ka sauke, kada ka taɓa shi, a kan kwafi za ka yi aiki. Bayan ka rubuta sabo, sa shirin ya sake karanta shi ya ƙirga: in mutum 400 suka shiga, 400 za su fita. Sannan ya tace maka duk asusun da bai kai lamba 10 ba, ka mayar wa sakataren ƙungiya ya gyara kafin a tura banki.

Ka kuma tuna bayanan nan amana ce. Kada ka bar su a kwamfutar da kowa yake zama a kai, kada ka watsa su a zauren WhatsApp. Kowane layi magidanci ne da yake jiran taki ko rance kafin damina ta sauka, kuma ba zai san cewa a shagonka sifilinsa ya faɗi ba. Allah Ya yi wa sana'a albarka.