Ga Mai Shirin Shiga Tseren Mota

'Ya'yana, na ga yadda tseren nan na motoci biyu a miƙaƙƙen layi ya shiga ranku, har kuna raba dare wajen kallonsa a waya. Ba zan ce ku bari ba. Roƙona shi ne duk mai son ya gwada, ya ɗauki abin tare da ƙa'idarsa.

Can Amurka ma a kan titi samari suka fara, ana ta asarar rayuka. Domin a kwashe su daga titi zuwa killataccen fili ne Wally Parks ya kafa ƙungiyar NHRA a Kalifoniya a 1951. Titin da ake rabawa da mai babur da mai tura baro ba wurin gwada inji ba ne, ko da tsakar dare.

A fili na gaskiya, sai an duba burki da taya da bel kafin a bar ka ka hau layi. Nisan da aka saba shi ne rubu'in mil, kimanin mita 402, kuma motar da ke cinye shi cikin ƙasa da daƙiƙa 14 dole direbanta ya sa hular kwano. Ni dai shawarata ka sa, ko yaya motarka take. Ka kashe esi, ka tabbatar lagireto ba ya yoyo, don ɗan ruwan da ya ɗiga a kwalta ya isa ya zamar da tayar wanda zai biyo bayanka.

Abin da na fi so ku riƙe yana ƙarƙashin ƙafar dama. Da ka ji bayan motar ya fara wulgawa, ko hancinta ya nufi bango, ɗaga ƙafarka daga totur nan take. Kada ka fizgi sitiyari, kada ka danne burki da ƙarfi, bar ta ta dawo hayyacinta. Zuciya za ta ce maka ka ƙara wuta tunda abokin karawa na gab da wucewa, ga jama'a na kallo. Ƙyale shi ya wuce, ɗana. Akwai wani zagayen.

Tsayawa kuma ita ce rabin aikin. A 2008, a Englishtown ta jihar New Jersey, injin motar Scott Kalitta ya kama da wuta, motar ta kasa tsayawa a filin da aka ware, ya rasa ransa. Mutum ne da ya zama zakara har sau biyu. Bayan rasuwarsa aka rage wa motoci mafiya gudu nisan tseren zuwa kimanin mita 305, don su sami sararin tsayawa. Saboda haka kafin ka tayar da mota, je ka ga ƙarshen filin da idonka, ka san inda mafita take. In ka ƙetare layi ka rage gudu a hankali, kuma kada ka gitta gaban abokin karawarka sai ka tabbatar da inda yake.