Rabin Shafi: Jan Hankali Ga Masu Ajiye Littattafai Cikin Na'ura

Shekara goma sha ɗaya ke nan ina sana'ar gyaran waya da kwamfuta a nan Ƙauran Namoda, a wani ɗan shago da ba shi da nisa da tsohuwar tashar jirgin ƙasa, kuma a cikin wannan mudda na ga ɓarna iri-iri wadda gaggawa da ƙarancin sani suke jawo wa mutane, har na zaci zuciyata ta riga ta yi kanta, babu sauran abin da zai sosa ta. To, sai ga shi a bazarar da ta wuce an kawo mini wani aiki wanda ya hana ni barci kwana biyu, shi ne kuwa sababin da ya sa na ga wajibi ne in rubuta wannan, la'alla Allah ya sa wani ya tsira daga irin abin da ya sami bawan Allah mai kayan.

Dattijo ne, malami, daga wani ƙauye na ƙasar Zurmi, yana cikin waɗanda rashin zaman lafiya ya tilasta wa barin gidajensu, suka dawo cikin gari da abin da hannu zai iya ɗauka kaɗai. Littattafan da ya gada daga mahaifinsa, na cikin gafaka da na cikin adudu, can aka bar su, daga baya kuma labari ya iso cewa wuta ta ci ɗakin. Amma Allah cikin hikimarsa ya sa tun kafin wannan, wani almajirinsa da ke karatu a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya ta nan Ƙaura ya ɗauki hoton takardun da wayarsa, warƙa bayan warƙa, Risala da Iziyya da Ishiriniya, duk da rubutun hannun mahaifin malam da ta'aliƙinsa na ajami a gefen shafuka, ya harhaɗa su ya zuba cikin wata na'urar karatu, Kindle, da ɗan malam ya aiko masa daga Saudiyya. Wayar almajirin ta salwanta tuni. Ke nan duk abin da ya rage na karatun gidan nan yana cikin wannan 'yar na'ura, wadda kaurinta bai wuce na Ahalari ba.

Wata rana bayan sallar asuba malam ya buɗe ta domin ya biya wa almajirai, yana cikin babin rabon gado na Risala, ya taɓa allo domin ya juya shafi, shafi ya ƙi juyawa. Aka sa mata caji, shiru. Aka kwana, shafin nan yana nan daram. Da ranar kasuwa ta zo sai wani jikansa ya ɗauka ya kai wa wani mai tebur da laima, irin waɗanda ke bin kasuwannin mako, wanda bai taɓa ganin irinta ba tun da aka haife shi, amma girman kai ya hana shi faɗin haka. Ya karɓi kuɗi, ya ce a dawo bayan la'asar.

Ga abin da na tarar sa'ad da ta iso hannuna bayan kwana huɗu, a naɗe cikin gefen rawani. Tun kafin in kwance ta warin fetur ya buge ni. An sa sukudireba an ɓanɓare ta ta fuska, alhali allon irin wannan na'ura yana zaune ne a kan gilashi mai sirin ɓawon albasa, saboda haka tsaga ta ratsa shi daga kusurwa zuwa kusurwa. An yanke wayoyin batir, an jona su kai tsaye da wata wuta da ta fi ƙarfinsu, da sunan wai za a tashe shi. Sa'an nan, da abin ya ƙi, sai aka kunna bulowa aka gasa injin gaba ɗaya, har robar da ke kusa da memori ta narke ta yi baƙi, dalma ta gudu ta haɗe ƙafafun da bai kamata su haɗu ba. Na ɗora mita, ƙarar shot ta ko'ina. Da na gama wannan sai na koma bakin caji, inda ya kamata kowane mai gyara ya fara dubawa, na sa tsinken tsintsiya a hankali, sai ga ƙurar hunturu ta fito a dunƙule kamar busasshen yumɓu. Na gwada wayar cajar da suka zo da ita, ashe ta karye ta ciki. Ciwon ke nan tun asali. Ƙura ce da wayar caja ta ɗari biyar, aikin da ba zai ɗauki tsawon shan shayi ba.

Na yi kwana biyu ina fama, na ciro memorin, na aika da shi wurin wani abokin sana'a a Kano wanda ya fi ni kayan aiki, amsa ta dawo cewa zafi ya riga ya kashe shi. Da malam ya dawo na shimfiɗa masa tabarma, na ce, "Allah ya gafarta malam, na yi iyakar ƙoƙarina, amma abin da ke ciki ya tafi." Ya yi shiru har na ji kunyar kallonsa, sa'an nan ya yi salati, ya ce, "To, ɗana, wanga da nike gani bisa allo fa?" Dalili kuwa, irin wannan allo yana riƙe hoton ƙarshe ko da babu wuta ko kaɗan, don haka a saman tsagar nan akwai sauran rabin shafi, layi bakwai na matani da ɗan sharhin mahaifinsa a gefe, ƙasa kuwa duk ya dame. Ya roƙi in ba shi takarda da biro. A nan bakin shagona, masu babura suna wucewa, tsohon nan ya sa tabarau ya kwafe layukan nan bakwai harafi bayan harafi, ya ninke takardar ya sa a aljihun gaba, ya tambaye ni nawa ne ladan aikina. Ban iya karɓar ko sisi ba.

Yanzu ku saurara, ku masu irin waɗannan na'urori, ko Kindle ce, ko tablet ɗin da aka cika da Maktabatus Shamila, ko biron nan mai karanta Alƙur'ani da alhazai ke zuwa da shi. Idan shafi ya tsaya, ba mutuwa ta yi ba, sau da yawa batir ne ya yi ƙasa ƙwarai ko kuwa ta cije. A share bakin caji da busasshen tsinke, a canja wayar caja, a bar ta bisa wuta mai kyau awa ɗaya ko biyu ba tare da an dame ta ba, sa'an nan a danne maɓallin kunnawa daƙiƙa 40 cif, kamar yadda kamfanin Amazon da kansa, wanda ya fara fitar da ita a 2007, ya yi umarni. Idan ta ƙi, a jona ta da kwamfuta a ga ko za ta nuna, in ta nuna a kwashe littattafan tukuna kafin a yi maganar gyara. Kada a buɗe ta. Na sake faɗa, kada a buɗe ta, kada kuma a bar wani ya buɗe ta sai an tambaye shi ko ya taɓa gyara irinta, kuma a dubi idonsa sa'ad da yake ba da amsa.

Amma ku 'yan'uwana masu tebur da laima, ku ji tsoron Allah. Jahilci iri biyu ne a wurin malamai, akwai na wanda bai sani ba kuma ya san bai sani ba, akwai kuma murakkabi, na wanda bai sani ba amma yana ganin ya sani, kuma wannan na biyun shi ne ya cika kasuwanninmu daga Ƙaura har Shinkafi. Yaro ya yi wata uku yana riƙe wa maigidansa tocila, sai ya sayi bulowa da kwalbar fetur ya zama injiniya. Kome aka kawo, a wanke da fetur, a gasa, in ya ƙi a ce sai filashin, alhali filashin yana share duk abin da mai kaya ya zuba da hannunsa, kuma ba a gaya masa. Ku sani a mazhabarmu ta Malikiyya mai sana'a yana lamuncewar abin da aka damƙa masa ya keɓanta da shi, hukuncin yana nan cikin Risalar nan da kuka ƙona. Malam ya san haka sarai, ya ce ya yafe. To, ni da ba malami ba har yanzu abin yana cina. Cewa "ban iya ba" ba ta rage wa kowa arziki, ni ma nakan faɗe ta, in tura mutum Gusau ko Kano.

Masu kaya ma ba ku kuɓuta ba. Mutum zai zo ya ce haka kawai ta mutu, sai na buɗe in tarar da alamar koko ko ruwan alwala. Ku faɗi gaskiya tun farko, domin likita ba ya warkar da ciwon da aka ɓoye masa. Ana barin na'ura a gaban mota cikin ranar Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ana sa ta ƙarƙashin matashi tana caji, ana kai ta shagon masu caji inda janareta ke hawa da sauka, a jona ta da kowace irin caja aka samu. Batir in ya kumbura har ya ɗaga murfi, a daina sa masa wuta nan take, kada a soke shi da allura wai don iska ta fita, gobara ce. Batun binne ta cikin shinkafa in ta jiƙe kuwa, ɓata abinci ne kawai. Kuma ƙura, ƙura dai, ku sama mata jaka.

Mafi girma duka shi ne kwafi. Magabatanmu ba su taɓa dogara da daftari ɗaya ba, almajiri yakan kwafi littafin malaminsa da hannu, wani ya kwafa daga gare shi, shi ya sa rubuce-rubucen Shehu Usmanu da Abdullahi na Gwandu da Muhammadu Bello suka iso gare mu bayan shekara ɗari biyu, duk da yaƙi da gara da damina. Mu da kwafi ya zama mana aikin minti biyar, mu ne muka yi sakaci. Abin da ka zuba cikin Kindle ta waya daga kwamfuta, a cikinta kaɗai yake, kamfani ba ya ajiye maka shi. Kada kuma a ce ai yana intanet a kwanta, domin mu mutanen Zamfara mun gani da idonmu a watan Satumba na 2021, sa'ad da aka rufe layukan waya a jihar nan baki ɗaya makonni da dama, wanda littafinsa ke intanet ya zama daidai da wanda ba shi da shi. A ajiye kwafi uku: ɗaya a memori ko filas, ɗaya a wurin ɗan'uwa a wani gari, ɗaya a intanet. Abin da ya zama gado ne kuwa, wanda babu irinsa a kasuwa, a buga shi a takarda.

Na'urar malam tana nan cikin durowata, ya ce in riƙe, kuma har yau layukan nan bakwai ba su goge ba. Duk wanda ke da rubutun iyayensa a cikin waya ko na'ura, ya zo da memorinsa kowace rana bayan azahar, zan kwafa masa kyauta, in kuwa ya yi nisa da Ƙaura, ya nemi wanda zai yi masa a garinsu tun yau, kada ya jira ranar kasuwa.