Me Ya Sa Manhajata Ba Ta Buɗewa Idan Babu Data?

TAMBAYA: Na haɗa wata 'yar manhajar lissafin kayan shago, irin wadda ake kira PWA. Na sa ta a wayata, alamarta ta fito kamar ta sauran manhajoji. Amma da zarar data ta ƙare ko sabis ya ɗauke, in na taɓa ta sai ta ce babu intanet. Ina matsalar take?
Daga wani ɗalibi a Zariya.

AMSA: Malam, fitowar alama a fuskar waya ba ta nufin kayan manhajar sun sauka. Abin da waya ta ɗauka daga fayil ɗin manifest shi ne suna da hoto da adireshin da za ta fara buɗewa, shafukan kuwa suna can a intanet. A da Chrome ba ya yarda a girka manhaja sai an tanadi abin da zai amsa buƙatunta, amma daga fitowa ta 108 a waya da ta 112 a kwamfuta ya sassauta wannan sharaɗi ga mai girkawa daga jerin zaɓin burauza. Shi ya sa taka ta girku alhali ba ta ajiye komai ba.

Mai yin ajiyar wani ɗan fayil ne na JavaScript da ake kira service worker. Chrome ya fara aiki da shi a 2015, Safari na iPhone kuma a 2018. Aikinsa kamar na yaron shago ne: in an nemi kaya, sai ya leƙa sito kafin ya ruga kasuwa. A lokacin girka shi yake kwashe fayilolin da ka lissafa masa ya adana a waya, daga nan duk buƙatar da manhaja ta aika sai ta bi ta hannunsa. Ka sani ba ya aiki sai shafinka na kan HTTPS, in ban da localhost na gwaji.

In kana da shi amma abin bai yi ba, duba wurare huɗu.

Na farko, inda ka ajiye shi. Ikonsa bai wuce babban fayil ɗin da yake ciki ba. In yana /js/sw.js, abin da ke ƙarƙashin /js/ kawai yake gani, shafin farko ya fi ƙarfinsa. Mayar da shi tushe, ya zama /sw.js.

Na biyu, kuma nan aka fi tuntuɓe, shi ne start_url na cikin manifest. Dole adireshin ya yi daidai da wanda aka adana, harafi da harafi. Wani zai rubuta /?source=pwa a manifest, amma ya adana /index.html. A idonmu shafi ɗaya ne, a wurin ma'ajiyar kuwa adireshi biyu ne daban. Ko dai ka adana adireshin da ke manifest ɗin kansa, ko ka adana / sannan ka sa ignoreSearch wajen nema don a yi watsi da abin da ya biyo bayan alamar tambaya, ko ka umarci service worker ya miƙa shafin farko a duk lokacin da intanet ya gagara.

Na uku, umarnin cache.addAll ba ya karɓar rabi. Fayil ɗaya tak ya ɓata, ko ka kuskure sunansa, duka ajiyar ta rushe, girkawar ma ta faɗi ba tare da wayar ta gaya maka ba.

Na huɗu, kayan aro. In salon rubutu ko wani kundin JavaScript daga wani shafi kake jawo shi, sauke shi cikin naka ka haɗa a lissafin, in ba haka ba manhajar za ta iya buɗewa fari fat. Lissafin shagon kansa kuma a IndexedDB za ka riƙa adana shi, ka tura idan sabis ya dawo. In rubuta wannan duka da hannu ya yi maka yawa, Workbox na Google yana rage wahalar.

Wajen gwaji, buɗe DevTools a kwamfuta, shiga sashen Application, ka tabbata service worker yana aiki kuma fayilolinka na cikin Cache Storage. Sannan ka cire tsohuwar manhajar daga waya, ka buɗe shafin da data, ka sake loda shi sau ɗaya don service worker ya karɓi ragama, ka girka. Rufe ta gaba ɗaya, sa waya a yanayin jirgin sama, ka taɓa alamar. In ta buɗe a haka, aiki ya yi. Allah ya ba da sa'a.